Wasan cike gurabe na jarida: kacici-kacicin da muke ƙunshe ƙosai da shi

Duk wanda ya taɓa sayen ƙosai ko tsire a bakin kasuwa ya san takardar da ake ƙunshe su a ciki, wato tsohuwar jarida. Idan ka warware ta, sau da yawa za ka ga wani zane mai kama da filin dara, gurabe farare da baƙaƙe, da ƴan rubuce-rubuce a gefe. Da yawanmu mun ɗauka aikin ma'aikatan biro ne da suka rasa abin yi. Faransawa suna kiran shi mots croisés, ma'ana kalmomi masu gitta juna, mu kuwa za mu kira shi wasan cike gurabe. Mun ɗau watanni muna gwada shi a gidan rediyo tsakanin shiri da shiri, muka tarar kacici-kacici ne irin wanda kakanninmu ke yi mana da dare, sai dai an sa shi a takarda.

Ƙa'idarsa ba ta da wuya. Kowane farin gurbi yana ɗaukar harafi guda, baƙin gurbi kuma yana nuna inda kalma ta ƙare. Wasu kalmomin a kwance suke, wasu a tsaye, kuma inda suka haɗu harafinsu ɗaya ne. Saboda haka duk amsar da ka samu tana ba ka haske kan maƙwabciyarta, duk wadda ka kuskure kuma tana ɓata maka layi biyu ko uku, kamar ɗan kasuwar da ya yi kuskuren lissafi tun safe, sai da magariba ya ga ciniki bai tashi daidai ba.

Wani ɗan jarida haifaffen Libaful ta Ingila mai suna Arthur Wynne ne ya fara buga shi a jaridar New York World ta Amurka, ranar 21 ga Disamba 1913. A 1924 aka fitar da littafin farko na wasan, kowane kwafi da fensir a maƙale, mutane suka yi ta rububinsa, kuma a shekarun nan ne ya tsallaka Ingila da Faransa. Babbar jaridar nan New York Times ta fara da kushe shi, tana cewa ɓata lokaci ne, amma a 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ita ma ta shiga sahu don mutane su samu abin da zai ɗauke musu hankali daga labaran yaƙi.

Wasan ya taɓa jefa wani malami cikin tsaka mai wuya. A watannin Mayu da Yuni na 1944, sojojin ƙawance na shirin sauka a gaɓar Normandi ta Faransa, sun kuma laƙaba wa shirin da wuraren saukar sunayen sirri. Sai ga sunayen nan, Utah, Omaha, Overlord, Mulberry da Neptune, suna fitowa ɗaya bayan ɗaya a matsayin amsoshi a jaridar Daily Telegraph, na ƙarshen kwana biyar kafin saukar ranar 6 ga Yuni. Jami'an leƙen asirin Ingila suka je suka titsiye mai tsara wasan, Leonard Dawe, wanda shugaban wata makaranta ne. Ba a same shi da laifi ba. Shekaru arba'in bayan haka wani tsohon ɗalibinsa ya bayyana cewa malamin yakan sa yara su cike masa gurabe da kalmomi, su kuma yaran suna jin kalmomin ne a bakin sojojin da ke sansani kusa da makarantar.

To, yaya ake cin wasan? Sirrin yana ga ƙananan kalmomi masu harafi biyu ko uku. Mai tsarawa yana buƙatarsu don toshe kafofi, shi ya sa suke dawowa kusan kullum, kuma kowace da labarinta. Idan aka ce allan rana na mutanen Fir'auna, RA ne ko RE. Idan aka ce tsohon birnin Kaldiya, UR ne, kufansa na nan a kudancin Iraƙi, kuma littattafan Ahlul Kitabi sun ce daga can Annabi Ibrahim ya fito. Kogin Italiya PO ne, mafi tsawo a ƙasar, kilomita 652. Kogin Siberiya OB. IO kuwa budurwa ce da aka mayar saniya a tatsuniyar Girkawa, sannan sunan wani wata ne da ke zagaya duniyar Jufita, wanda Galileyo ya hango a 1610.

Abin da ya fi ba mu daɗi shi ne wasu amsoshin a gidanmu suke. Bafaranshe zai daɗe yana susar kai idan aka ce masa duwatsun Nijar, harafi uku, alhali AIR ne, Azbin ɗin da muka sani, inda dutse mafi tsawo a ƙasarmu yake, mita 2022 a tsaunukan Bagzan. ERG tulin rairayi ne irin na Tenere, REG kuma fili ne mai tsakuwa. Idan aka ce birni a Najeriya, harafi uku, amsar takan zama IFE ko EDE ko ABA. Wane ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram ne bai san takalman Aba ba? Ka ga ashe fatauci ma karatu ne.

Ga wasu dabaru da muka koya da gumi. A fara da gajerun kalmomi. A lura da yadda aka gina tambaya, don idan jam'i ce amsar ma jam'i ce, kana iya ajiye S a gurbin ƙarshe tun kafin ka gano ta. Idan aikatau ne da ba a sarrafa ba, galibi da ER zai ƙare. Ba a sa alamomin da ke saman harufan Faransanci a cikin gurabe. A yi da fensir, kada a yi da bik. Idan kai ya toshe, a ajiye a koma ga masu ciniki, sau da yawa amsar takan faɗo kana cikin ba da canji.

Wani zai ce, ina ruwan mai awo ko mai sayar da atamfa da wannan? Ruwanmu shi ne yaranmu. Da yawa daga iyayenmu mata na kasuwa suna biyan kuɗin lakwal daga ribar ƙosai da kayan miya, sai yaro ya kai aji shida rubutun Faransanci na ba shi wuya. A wannan wasa ba a yin kusa-kusa, harafi guda ya ɓace kalma ba ta shiga. Yaron da ke taya uwarsa zaman rumfa bayan an tashi daga lakwal zai iya cike rabin gurabe kafin la'asar, ya nemi ma'anar abin da ya gagare shi a ƙamus ko wajen mushensa. Uwar da ba ta yi karatun boko ba ita ma tana da rabonta: yaro ya fassara mata tambaya, ita ta kawo amsa daga abin da ta sani na duniya. Don haka kafin ki yage shafin nan ki ƙunshe ƙosai, ki cire wa yaronki gefen da ke da gurabe.

Hausa ma za ta ɗauki wasan sosai, tunda kalma guda a rubuce takan ɗauki ma'ana biyu. Sai dai masu tsarawa su daidaita ko SH da TS gurbi guda za su ci ko biyu, kuma kada a haɗa Ƙ da K. Mun gwada namu. Ana tuƙa tuwo da shi, ana kuma zama a cikinsa, harafi huɗu: GARI. Biyar ce a Maraɗi, dutse ne a Kano: DALA.

Ga ta uku mun bar muku, ita ma harafi huɗu: dubu ce a bakin mai ciniki, ana kuma rataya ta a kafaɗa. Wanda ya gano ya tambayi maƙwabcin rumfarsa, in ya kasa, shayin yamma na kansa. Allah ya ba da kasuwa.