Fentin feshi da ledar rufi: yadda rubutu ke fitowa tsaf

Ga bayanin shirinmu na sana'o'i a rubuce, don wanda bai samu ji ba.

Idan ka ratsa Kokoro, ko ka bi titin Koudoukou a Kilomita Biyar, ka lura da allunan shaguna da tankunan babura. Wani rubutun bakinsa a miƙe kamar an yanka da reza, wani kuwa fenti ya nashe har sai ka matso kafin ka karanta. Galibi bambancin yana wajen ledar da mai fenti ya rufe wurin da ita, da yadda ya yi aiki da ita.

Ƙaramar bindigar feshi girmanta kamar biro take, iska daga kwampireso ke tura fentin ta wani ɗan baki da bai wuce rabin milimita ba. Fentin yana fita kamar hazo, bai san iyaka ba. Shi ya sa ake yanke siffar harafi a jikin leda, a manna ta, a fesa, sannan a ɗaye. Inda aka huda nan fenti ke zama.

To, leda iri biyu ce. Akwai sitikar talla, wadda aka yi don ta shekara a manne, gam ɗinta mai ƙarfi ne. Akwai kuma ledar rufi, irin su Oramask 810 da 813 na kamfanin Orafol na Jamus, wadda gam ɗinta ke saki cikin sauƙi. Ka manna sitikar talla a kan sabon fenti, wallahi kana ɗayewa za ta taho da na ƙasa, tankin mai babur ya koma dabbare-dabbare, kai kuma ka biya daga aljihunka. Tunda yawancin kayanmu ta Duwala suke biyowa, su ratso Garuwa Bulai da Beloko, ba kullum ake samun ledar rufi a kasuwa ba. In dole sai da sitika, ka danna ta a kan tsumma mai tsabta sau biyu ko uku don gam ya ragu, ka fara gwadawa a wurin da ido ba ya kai wa.

Kafin a manna, fentin ƙasa ya bushe sarai, ya kwana aƙalla. A goge ƙura da maiƙo. Wajen yanka, ko da injin da ke haɗe da kwamfuta ne ko da reza, a kula da cikin haruffa irin su O da A da B, kada su faɗi. Haka ɗigon haruffan Larabci, da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ. Lanƙwasa ɗaya ta ɓace, gidan baƙi ya zama gidan baki. Bayan an manna, a bi bakin ledar da farce ko tsohon kati, a danne shi sosai.

Ga dabarar da ƙwararru ke yi: su fara fesa launin ƙasa sama-sama a bakin ledar. In akwai kafar da fenti zai kutsa, wannan launin ya toshe ta, kuma ba za a gan shi ba. Sannan a zo da launin rubutu. Iska ta tsaya tsakanin ba 1 zuwa 2 a agogon kwampireso, bindiga ta yi nisan santimita 10 zuwa 15, tana fuskantar allon kai tsaye. In ka karkata ta, iska za ta ɗaga bakin ledar. A fesa kaɗan-kaɗan sau uku, ana bari yana shan iska. Wanda ya kwarara a tashi ɗaya, tina za ta jiƙa gam, fenti ya shige ƙarƙashi. Gaggawa aikin shaiɗan.

Ɗayewa ma da lokacinta: idan fentin ya daina kama yatsa amma bai ƙafe ba. A ja ledar a hankali, a kwantar da ita baya. Kada a bar ta cikin rana, zafi na narkar da gam ya bar tabo. Da damina kuma, laimar Bangi na tara ruwa a tankin kwampireso, sai a riƙa zubar da shi kullum, in ba haka ba bindiga ta yi ta tofi a kan aiki.

Sai batun lafiya. Takunkumin ƙyalle ba ya tare tururin tina. A nemi mai matatar gawayi, a yi aiki inda iska ke kaɗawa, nesa da wuta da taba. Iyayen gida, yaran da ke koyo a hannunku amana ne, huhunsu ya fi kowane allo tsada.

Mai tambaya ya turo mana saƙo, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. A huta lafiya.