Abin da Ke Sa Tabar Lofe Hawa Kai

Mai sayar da tabar gargajiya a arewacin Kamaru ba ya bukatar kwali ko talla. Ko a babbar kasuwar Garwa, ko a ta Pitowa mai ci ran Lahadi, ko a kasuwannin gindin duwatsun Mandara wajen Mokolo, hajar tana nan a shimfiɗe: busasshen ganye baƙi-baƙi, wani a murɗe, wani an daka shi ya zama gari an ƙulla a leda. Mai saye zai ɗauka ya sansana, ya murza tsakanin yatsunsa, wani har ya ɗan taɓa a harshe. Ba ya fara taya kaya sai ya tabbatar da abu guda, wato ko tabar tana da ƙarfi. Idan dattijo mai lofe ya yaba taba, cewa yake yi tana cika baki, tana kama maƙogwaro, zuƙa biyu ta hau kai. Idan ya kushe ta kuwa, sai ya ce lami ce, hayaki kawai.

A cikin wannan yabo an cakuɗa abubuwa biyu da ba tushensu ɗaya ba. Cika baki da garɗi da ƙauri al'amari ne na hanci da harshe, daga maiƙo da danƙon da ke jikin ganye suke fitowa, da kuma yadda aka busar da shi. Hawa kai kuwa, da jirin da ke ɗibar sabon shiga, da zufar da ke karyo masa, da tashin zuciya, aikin sinadari guda ne mai suna nikotin. Akan sami taba mai cika baki wadda ba ta bugarwa, akan kuma sami wadda ba ta da wani ƙamshi amma ta zaunar da ƙato. Manoma da masu dakan taba sun daɗe da sanin yadda ake ƙara wannan ko a rage wancan, tun kafin wasu Jamusawa biyu, Posselt da Reimann, su ware nikotin daga ganye a shekarar 1828.

Taba ba 'yar ƙasa ba ce, ko da yake ta daɗe har an manta da baƙuntarta. Daga nahiyar Amurka ta fito, ta iso Afirka ta Yamma wajen ƙarshen ƙarni na 16, ta gaɓar teku da kuma ta hanyar ayarin Sahara. Isowarta ke da wuya malamai suka rabu a kanta. Ahmad Baba na Tumbutu ya rubuta fatawa a 1607 yana halatta ta. Kafin ƙarnin ya ƙare, a Bagarmi, maƙwabciyar arewacin Kamaru ta gabas, wani malami Bafillace mai suna Muhammad al-Wali ya rubuta littafi sukutum yana kawo hujjojin haramcinta. Malami ba ya ɓata tawada a kan abin da mutane ba su yi, don haka littafin nan shaida ne cewa hayaki ya riga ya game yankin tafkin Cadi tun a lokacin. Da matafiyin nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi rundunar Barno zuwa ƙasar Musgu a bakin kogin Logon a ƙarshen 1851, ya tarar da gonakin taba, ya ga maza da mata suna sha. Yadda ta zauna da gindinta a wurin har ya sa shi tunanin ko asalinta na nan ne. Ya yi kuskure a wannan, amma ba a ga laifinsa ba.

To, daga ina ƙarfin yake farawa? Daga ƙarƙashin ƙasa. A saiwa tsiron yake haɗa nikotin, sannan ya tura shi sama zuwa ganye, domin guba ce da yake kare kansa da ita daga ƙwari. Iri biyu ake nomawa a duniya. Na farko, wanda masana ke kira Nicotiana tabacum, shi ne dogo mai faffaɗan ganye da fure ja-ja, kuma da shi ake yin sigari. Nikotin ɗinsa yakan tsaya tsakanin kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na nauyin busasshen ganye. Na biyu, Nicotiana rustica, gajere ne mai kaurin ganye da fure rawaya-rawaya, yana jure wahala, nasa nikotin ɗin kuwa yana iya kaiwa kashi 9. Ko a jikin tsiro ɗaya ma ganyaye ba su zama daidai ba. Na ƙasa, waɗanda suka sha inuwa, sun fi sauƙi; na ƙoli, masu shan rana, sun fi kauri da danƙo da ƙarfi. Ƙasa mai taki tana ƙara abin, shi ya sa ɗan fegin da ke bayan gida, inda ake zuba kashin awaki da toka, kan ba da ganyen da ya fi na babbar gona kaifi. A kan duwatsun Mandara irin wannan ɗan fegi na jikin gida ne gonar taba, a bakin Logon kuma ana dasa ta da rani a kan laimar da ruwa ya bari.

Akwai wata dabara da ta haɗa manomi da matan gari. Idan aka katse kan tsiro aka cire fure, abincin da zai tafi ga yin iri sai ya koma ganye, saiwa ta ƙara yaɗuwa, nikotin ya ƙaru. Furen nan kuma ba zubar da shi ake yi ba a ƙasar Hausa. Shi ne furen da mata ke goga wa haƙora tare da goro don su yi ja. Manomi ya sayar da fure ya karɓi kuɗi, ganyensa kuma ya ƙara daraja wurin masu lofe: riba biyu daga yanka ɗaya.

Bayan girbi sai shanya, kuma a nan ne hanyar lofe da ta sigari suka rabu. Ɗanyen ganye yana da sitaci mai yawa. Idan aka rataye shi a inuwa iska ta busar da shi a hankali, sati huɗu zuwa takwas, ganyen bai mutu nan take ba. Yana juya sitacin zuwa sukari, yana kuma cinye sukarin, har ya bushe ya yi duhu ba sauran zaƙi a jikinsa. Idan aka tara shi aka danne ya yi gumi, launi ya ƙara duhu, ƙamshi ya ƙara nauyi. Wannan ita ce tabar da ake cusa wa lofe. A ƙarni na 19 manoman jihar Karolina ta Arewa a Amurka suka fito da wata hanya: a rufe ganye a ɗaki, a bi da zafin wuta ta bututu ba tare da hayaki ya taɓa shi ba, cikin kamar mako guda ya bushe. Zafin yakan tsayar da aikin ganyen tun bai cinye sukarinsa ba, sai ya fito rawaya, sukari a jikinsa har kusan kashi 20 cikin 100. Tabar Bajiniya ke nan, uwar sigari.

Me ya haɗa sukari da hawa kai? Sukari idan ya ƙone yakan sa hayaki ya yi tsami, tsami kuwa ɗaure nikotin yake yi. Masana suna auna wannan da ma'aunin pH, wanda 7 ne tsakiyarsa: ƙasa da 7 tsami, sama da 7 ɓangaren su toka da kanwa. A kan 6, nikotin ɗin da ke sake, wanda zai iya ratsa fatar baki ya shiga jini, bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. A kan 8 rabi ya saku. A kan 9 ya haura kashi 90. Hayaƙin sigari yana wajen 5.5 zuwa 6, saboda haka baki ba ya samun komai daga gare shi, dole mai sha ya zuƙe shi har huhu, kuma laushinsa ya ba da damar yin hakan ba tare da shaƙewa ba. Daga huhu nikotin kan isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20. Hayaƙin baƙar taba kuwa ba shi da wannan tsami. Yana kartar maƙogwaro, yana sa tari, ba ya haɗiyuwa da daɗi, amma kuma ba ya bukatar a haɗiye shi, domin tun a baki yake sallama nikotin ɗinsa. Shi ya sa tsoho zai riƙe hayaki a kumatu ya fesar, a hankali kuma kansa ya ɗauka. Kartar nan da yake ji a wuya, wadda yake kira ƙarfi, sakakken nikotin ne ke taɓa jijiya.

Duk matar da ta taɓa jefa kanwa a miyar yakuwa, wadda a Garwa ake kira folere, ta ga tsamin ya kwanta, ta riga ta san sauran bayanin. Abin da kanwa ke yi wa yakuwa shi take yi wa taba. Mai dakan garin taba yana zuba kanwa a turmi, wani ya sa toka, ba don ɗanɗano kawai ba. Kanwar ba ta ƙara ko ƙwayar nikotin a cikin ganye. Kwance wanda ke ɗaure take yi, ta tura ma'aunin ya haura 8 ko 9, sai ɗan abin da aka ɗibo da yatsu biyu aka sa tsakanin leɓe da dasashi, ko aka shaƙa a hanci, ya yi aikin da ninkinsa ba zai yi ba in babu ita. Fataken da suka yi ɗaruruwan shekaru suna sauko da kanwa daga ƙasar Manga da Kanem zuwa Adamawa, dabbobi da tukunyar miya ne manyan masu cin kayansu, amma mai taba ma yana cikin layi. Mai saye yana yaba gonar da ganye ya fito, alhali sau da yawa hannun mai daka ya kamata ya yaba, ko ya zarga.

Turawa masu sha'awar lofe su ma wannan lissafin suke yi, sai dai da sunaye masu tsada. Suna da Latakiya, wadda aka samo daga Siriya, daga baya kuma aka koma yin ta a Kubrus: ana turara ganye da hayaƙin itatuwa masu ƙamshi na tsawon watanni, ƙaurinta ya cika ɗaki, amma nikotin ɗinta kaɗan ne. Suna da Perik ta jihar Luwiziyana, wadda ake dannewa a ganga ta ruɓa cikin ruwan jikinta, a fito da ita da yaji. Suna da Bale, busasshiyar iska, marar zaƙi, marar kwaramniya, amma ita ke ɗauke da ƙarfin. Mai haɗi yana ɗibar kaɗan daga nan kaɗan daga can. Kamaru ma tana da suna a wannan duniya, ko da yake ba arewa ke da shi ba. Ganyen da ake nomawa a gabashin ƙasar, wajen Baturi da Bartuwa, daga irin Sumatara, yana cikin fitattun ganyayen da ake naɗe sigar, wato manyan karan taba masu tsada, da su, kamfanin Arturo Fuente ma yana amfani da shi. Siririn ganye ne mai ɗan zaƙi da ƙamshi, don kyau da ɗanɗano ake sayensa. Manomin Mokolo bai taɓa ganin kuɗin da ake biya a kansa ba.

Inda nake jayayya da dattawanmu shi ne inda suke cewa tasu tabar ta fi ta kwali lafiya, tunda ganye ne tsantsa, ba a sa masa magani ba, kuma ba su haɗiye hayaƙin. Rabin maganar gaskiya ne. Laushin sigari shi ya buɗe wa hayaki ƙofar huhu, kuma bayan da injin naɗe sigari ya fito a shekarun 1880 ne sankarar huhu ta tashi daga cutar da likita kan daɗe bai gani ba ta zama annoba. Amma rashin haɗiya bai kuɓutar da kowa ba, ya dai sauya wa cutar masauki. Wani babban bincike da Ƙungiyar Yaƙi da Sankara ta Amurka ta fitar a 2004, bayan bin maza fiye da 130,000 na tsawon shekara 18, ya nuna masu shan lofe kaɗai sun ninka waɗanda ba su shan taba sau 5 wajen mutuwa da sankarar huhu, sau 13 kuma wajen ta maƙoshi. Nikotin shi ke kama mutum ya hana shi bari, yana kuma ɗaga bugun zuciya da hawan jini, amma masu haddasa sankarar wasu ne: kwaltar da ke cikin hayaki, da wasu sinadarai da ake kira nitrosamin, waɗanda ke samuwa a jikin ganyen kansa lokacin shanya da gumi da ajiya. Wato matakan da ke ba baƙar taba nauyin ƙamshinta su ne ke haifar da su. A Sudan akwai tumbak, garin rustica da aka kwaɓa da kanwa, ɗan'uwan namu na jini. Da aka auna shi, nitrosamin ɗin da ke ciki yana cikin mafi yawa da aka taɓa samu a kowace irin taba a duniya, kuma an danganta shi da sankarar baki a can.

Kamaru ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita taba a 2006, kuma tun 2019 kwalin sigari yana ɗauke da hotunan gargaɗi masu tayar da hankali. Wannan ya yi kyau, sai dai doka ce da aka ɗinka wa kwali. Ƙullin leda na kasuwar ƙauye ba shi da inda za a manna hoto, ba a biyan haraji a kansa, babu mai auna kanwar da aka zuba. Binciken ƙasa da aka yi kan manya a 2013 ya nuna kashi 8.9 cikin 100, mutum kamar miliyan 1.1, suna amfani da taba. A wajen hayaki maza ne suka yi kaka-gida, mata ba su kai kashi 1 ba. A wajen tabar baki da ta hanci kuwa mata sun fi maza, kashi 3.8 a kan 2.2. Da yawansu da sunan maganin ciwon haƙori ko mura suka fara, wata tsohuwa ta ɗiba musu.

Irin wannan mata idan ta je awon ciki ma'aikaciyar asibiti ta tambaye ta ko tana shan taba, za ta ce a'a, kuma ba ƙarya ta yi ba, tunda ba ta taɓa kunna ashana ba. Tambayar da za ta fito da gaskiya ita ce ko tana sa wani abu a baki ko a hanci, sau nawa a yini, tun yaushe. Daga nan sai a ce ta buɗe baki a duba lungun da take ajiye garin. Farin tabo da ba ya kankaruwa, ko gyambon da ya wuce sati uku bai warke ba, ba na a shafa masa ƙarin taba ba ne. Na a kai wa likita ne tun yana ƙarami.