Tayar Ƙanƙara a Kan Kwaltar Argungu

Idan aka shiga watan Afrilu, zafin rana a Birnin Kebbi yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyas, ita kuwa kwalta takan fi haka zafi nesa ba kusa ba. Duk da haka, cikin motocin da ke jigilar fasinja da shinkafa tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, ba a rasa wadda ke tafiya a kan tayar da aka ƙera domin dusar ƙanƙara. Yaya aka yi haka, kuma mene ne illarsa?

Mu fara da asalin wannan taya. A shekarar 1934, shekarar da aka fara bikin kamun kifi na Argungu, wani kamfanin roba a ƙasar Finlan ya fito da tayar farko ta lokacin sanyi. Dalili kuwa shi ne, roba tana sauya hali gwargwadon yanayi. Idan sanyi ya kai ƙasa da digiri 7, robar taya ta yau da kullum takan sandare, ta kasa kama hanya. Saboda haka aka haɗa wata roba mai laushi wadda sanyi ba ya busar da ita, aka zurfafa zanenta, aka yi mata ƙananan tsage-tsage masu cizon ƙanƙara. A lardin Kibek na Kanada doka ce a sa irin wannan taya daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Da bazara ta shigo sai a cire ta.

To, wasu daga cikin waɗannan tayoyi, bayan sun tsufa a Turai, sukan biyo motocin gwanjo ko 'yan fasa-ƙwauri su iso kasuwanninmu, ko da yake gwamnatin Nijeriya ta haramta shigo da tsofaffin tayoyi. Mai saye yakan ga zane mai zurfi da farashi mai sauƙi, ya ɗauka ya yi tsuntuwa. Amma fa araha ba ta ado. Laushin da ke ceton rai a ƙanƙara shi ne aibin tayar a nan. A kan kwalta mai zafi robar takan ƙara laushi, ta cinye da wuri, motar ta riƙa lilo a kwana, birki kuma ya ɗauki tazara mai tsawo kafin ya tsayar da ita. Idan aka haɗa da tsufan roba, da lodi fiye da kima, da gudu, sai fashewar taya ta zo kusa.

Gane ta ba wuya. A duba gefen taya: in an ga hoton dutse mai tsini uku da alamar ƙanƙara a cikinsa, to tayar sanyi ce. A nan gefen kuma, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu na ƙarshe da ke nuna ranar ƙira. Misali, 3519 na nufin mako na 35 na shekarar 2019. Roba tana tsufa ko da ba a yi amfani da ita ba.

Darasin da za mu ɗauka daga mutanen ƙasashen sanyi shi ne shirya mota kafin yanayi ya juya. Mu ma a kwarin Rima muna da namu lokuta uku. Da bazara, a auna iskar taya da sassafe kafin ta ɗau zafi, domin iska tana buɗewa idan ta yi ɗumi. Taya mai ƙarancin iska kuwa ita ta fi saurin zafi. A duba ruwan lagireto. Da damina, musamman lokacin malka a watan Agusta, zanen taya shi ke kore ruwa daga ƙarƙashinta. In zurfinsa ya gaza milimita 1.6, ruwa kan shiga tsakanin taya da kwalta, motar ta riƙa sulɓi kamar kwalekwale, sitiyari da birki su daina aiki. Ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa da hanyoyi a Jihar Kebbi, ta isa tunatarwa cewa kada direba ya kutsa ruwan da bai san zurfinsa ba. Da hunturu kuma, ƙurar da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara takan toshe matatar iskar inji, ta rage gani. A kakkaɓe matatar, a gyara fitilu, a rage gudu.

Malamai za su iya gwada wannan a aji. A samo guntayen roba biyu, a sa ɗaya a ruwan ƙanƙara, ɗaya a rana, sa'an nan ɗalibai su lanƙwasa su su ji bambanci. Daga nan a fita wurin mai faci mafi kusa, a karanta gefen tayoyi goma, a rubuta shekarun ƙirarsu da alamominsu. Ɗalibin da ya iya wannan karatu zai iya duba motar gidansu tun kafin a kama hanyar Argungu.