Gertrude Cox, matar da aka ƙara sunanta a gindin wasiƙa

Ƴan'uwa mata, a wannan fitowar mun kawo muku labarin wata ƴar Amurka da ta yi fice a ilimin ƙididdiga, wato ilimin tara alƙaluma da tace su don a gane gaskiyar abu. Sunanta Gertrude Cox. An haife ta a 1900 a Dayton, wani ɗan ƙaramin gari a jihar Ayowa, ƙasar manoman masara.

Tana budurwa, burinta shi ne kula da marayu, har ta yi aiki a gidan marayu. Daga baya ta shiga jami'ar Jihar Ayowa ta karanta lissafi. Ta gama a 1929, ta ƙara digiri na biyu a fannin ƙididdiga a 1931, sannan ta yi shekaru tana aiki ƙarƙashin malaminta George Snedecor.

A 1940 wata jami'a a jihar Karolina ta Arewa ta so buɗe sashen ƙididdiga, ta roƙi Snedecor ya aiko da sunayen waɗanda za su iya riƙe shi. Ya jera sunaye, duk maza. Da Gertrude ta ga takardar sai ta tambaye shi, ina nata sunan? Shi ne ya ƙara layi ɗaya a can ƙasa, cewa in za su yarda da mace, to ga Gertrude Cox. Ita aka ɗauka. Ta zama mace ta farko da ta shugabanci wani sashe a wannan jami'ar.

To mene ne aikin nata? A ce kina so ki san wane irin hatsi ya fi bada amfani. In kin shuka ɗaya a jigawa, ɗaya kusa da fadama, ba za ki san ko irin ne ya yi kyau ko ƙasar ba. Dabarar ita ce a raba gona ƙanana-ƙanana, a jefa ƙuri'a don sanin inda kowane iri zai faɗa, a maimaita shuka kowanne a wurare da yawa, sannan a auna abin da aka girbe. Ita da William Cochran sun rubuta littafi kan tsara irin wannan gwaji a 1950, masu binciken noma da na magani suka daɗe suna aiki da shi.

A 1949 ta zama mace ta farko da aka zaɓa cikin Cibiyar Ƙididdiga ta Duniya. A 1956 ta shugabanci ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka. Bayan ta bar jami'a a 1960 ta riƙe sashen ƙididdiga na wata cibiyar bincike da ta taimaka aka kafa, kuma ta je Alƙahira ta taimaka wa jami'ar can. Ta rasu a 1978.

Da ta yi kawaici ranar nan, da wasiƙar ta tafi babu ita. Malaminta ya san ƙwazonta sarai, amma da aka ce shugaba, maza ne suka faɗo masa a rai. Mu ma mun san wannan: in za a kafa kwamitin rijiya, na makaranta ko na bankin hatsi, sau nawa ake tuna mai riƙe da littafin asusunmu, wadda ba a taɓa samun ko dala ta ɓace a hannunta ba? In an zo rubuta sunaye, mu faɗi nata da ƙarfi, in kuma ke ce, ki faɗi naki.