Motar Ba Ta Yi Nisa Ba, Me Ya Ƙona Man Giyarta?

A Amurka akwai wata ƙatuwar mota da ake kira RV, gida ne sukutum a kan taya: ga gado, ga madafa, ga banɗaki. Tsofaffi da yawa da suka yi ritaya kan saye ta, su guje wa sanyin arewacin ƙasar su nufi wurare irin Quartzsite a jihar Arizona, inda suke cincirindo duk watan Janairu. Sai dai sau da yawa takan daɗe tana fake a gida, ba mai taɓa ta.

Mu ɗauki misalin wanda ya sayi ta hannu, mai injin dizal da giyabos otomatik ƙirar Allison 3000. Shekararta 10, amma mil 40,000 kacal ta ci. Yana murna ya yi tsintuwa, ya ɗaura ƙaramar motarsa a baya ya kama hanyar I-70 ta Colorado, wadda ke hawa har kusan mita 3,400 a mashigar Eisenhower da aka huda cikin dutse. Tun bai kai rabin hawan ba inji ya fara ruri mota ba ta ja, giya na shiga da fizga, fitilar gargaɗi ta kama.

A gareji, zargin farko shi ne man giya ya yi ƙasa. Bakanike ya bar inji yana aiki har ya ɗau zafi, ya zaro sandar awo. Mai cike yake, kuma babu alamar yoyo a ƙarƙashin motar. Sai ya koma kan ruwan lagireto, domin idan bututun da ke sanyaya man giya ya fashe, ruwa kan gauraya da mai ya cinye kuloci. Irin wannan man yakan yi fari-fari da kumfa, kamar an dama nono da zoɓo. Wannan kuwa ba haka yake ba. Da aka ɗiga shi a farin ƙyalle, maimakon ja garau sai ga shi ya yi duhu, yana ƙauri.

To, mai ya ƙone, amma don me? Mai motar ya buɗe littafin kamfani yana nuni da yatsa: "Yallaɓai, an ce mil 300,000, ni ko kashi ɗaya cikin biyar ban yi ba." Bakanike ya ce ya ƙarasa karanta layin. Abin da ke rubuce shi ne mil 300,000 ko wata 48, duk wanda ya riga cika. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe, don idonsu na kan ma'aunin tafiya. Mai yana tsufa ko mota na tsaye: sinadaran da ke cikinsa suna raguwa, raɓa tana taruwa a cikin giyabos duk lokacin da ƙarfe ya ɗau zafi da rana ya huce da dare.

Duk da haka lissafin bai cika ba, domin man da ya wuce wa'adi kaɗai ba ya baƙi haka. Sai aka dawo kan takardun tsohon mai motar. A ciki aka ga rasit guda na juyen mai, shekara 6 baya, kuma man da aka zuba ba mai lambar ingancin Allison ta TES 295 ba ne, na gama-gari ne mai araha. Wancan dogon wa'adin na man TES 295 ne zalla. Na gama-gari kuwa kamfanin Allison ya yanka masa mil 25,000 ko wata 12, kuma idan an gauraya su biyun, gajeren wa'adin ake bi. Ke nan man da ya kamata a juye bayan shekara guda ya yi shida a ciki.

Saura tambaya ɗaya: me ya sa sai a kan dutse asirin ya tonu? A otomatik, mai ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya, shi ke matse kuloci, shi ke kwashe zafi. Yana son ya zauna tsakanin digiri 71 da 93 a ma'aunin Selshiyos. Ga nauyin gida, ga mota a baya, ga hawa mai tsawo. Zafi ya haura, gajiyayyen mai ya kasa riƙe kuloci, santsin ya ƙara hura wutar.

An ci sa'a ba a ga ɓurɓushin ƙarfe ba. Aka canza filta, aka juye man aka zuba TES 295. Sai dai juye ɗaya ba ya fitar da tsohon duka, domin wani kaso yana maƙale a ciki, shi ya sa kamfanin ya ce sai a juye na biyu ake komawa kan wa'adin wata 48.