Tattali a Gidan Bahaushe: Hanyoyin Raba Kuɗi da Hannu

1. Ma'anar tattali

Hausawa sun bambanta kalmomi da yawa a kan riƙon dukiya. Tanadi shi ne shirya abu tun buƙatarsa ba ta zo ba. Tsimi shi ne cin abu kaɗan-kaɗan don ya daɗe. Tattali kuwa ya haɗa su duka, har ya ƙara da kula da abin da a ke da shi kada ya lalace. A gefe guda akwai rowa, a ɗaya gefen akwai almubazzaranci, dukansu abin zargi ne ga al'ada da addini. Mai tattali shi ne wanda ya bi tsakaninsu.

Abin da wannan takarda ta ke nufin nunawa shi ne, tattalin gidan mai ƙaramin ƙarfi a ƙasar Hausa ya ginu bisa sanin abu guda: kuɗin da ke hannu ba ya zama. Yau ɗan'uwa ya zo da larura, gobe maƙwabciya ta haihu, jibi baƙo ya sauka, ga kuma kunya ta hana a ce babu alhali akwai. Saboda haka dabarar da mutane suka daɗe a kanta ita ce su sāke wa kuɗi kama tun da wuri, su mai da shi hatsi, ko akuya, ko kwano, ko zubin adashi, watau abin da ba a iya zaro shi daga aljihu nan take.

2. Aljihu biyu a gida ɗaya

Ba a gane tattalin gidan Bahaushe sai an fara gane cewa dukiyar miji dabam ta ke, ta mata dabam. A shari'ar Musulunci bisa mazhabar Malikiyya, ci da sha da sutura da wurin kwana suna kan miji. Shi ke fid da hatsi, shi ke ba da kuɗin cefane. Abin da mace ta samu ta wajen sana'arta kuwa nata ne, ba a tilasta mata ta sa shi cikin tukunya. Har ya kan zama maigida ya sayi ƙosai ko fura wurin matarsa ya biya ta kamar kowa, in kuwa ta ranta masa kuɗi, bashi ne sai ya biya.

Littafin tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, ya nuna wannan tsari ta bakin mace. Polly Hill kuma, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina ta buga littafinta a 1972, ta bayyana yawan cinikin da matan kulle su ke yi daga cikin gidajensu ta hannun yara masu talla: man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, dafaffen abinci, har da sayar da hatsi da awo.

Amfanin wannan rabo ga talaka babba ne. In aljihu ɗaya ya huje, ɗayan ya kan tare gida. Amma yana da nasa aibi. Sau da yawa miji bai san abin da matarsa ta mallaka ba, ita ma ba ta san samunsa ba, sai ya zama babu mai lissafin gidan gaba ɗaya. Har wa yau tallar da ke ciyar da sana'ar uwa ita ce ta kan hana yarinya zaman makaranta.

3. Rumbu

Babban asusun maigida shi ne rumbu. Manomi ya kan ƙidaya damman gero da dawa da ya samu da kaka, ya san adadin da iyalinsa ke ci, daga nan ya gane ko abincinsa zai kai shi wata kakar ko ba zai kai ba. Hatsin da aka ajiye a zangarniyarsa ya fi daɗewa bisa wanda aka sussuke, ga shi kuma fid da shi sai da aiki, ba a yi masa ɗibar ganin dama. Mutanen da suka ga yunwar 1914 da farin 1973 ba su wasa da wannan lissafi.

A galibin shekaru hatsi ya fi araha da kaka, ya fi tsada da damina kafin sabon gero ya nuna. Wannan shi ne ginshiƙin tattalin ma'aikaci da ɗan birni ma, gama wanda ya iya sayen buhu biyu ko uku da kaka ya huta da awon kullum a lokacin tsada.

To, a nan ne talauci ke nuna muguntarsa. Matalaucin manomi shi ne ya kan sayar da hatsinsa da kaka, lokacin araha, don biyan bashi da hidimar aure, da kuma haraji a zamanin da a ke karɓarsa, kafin gwamnatocin Kano da Kaduna su soke shi a 1979. In damina ta yi tsakiya rumbunsa ya ƙare, sai ya koma sayen hatsi da mudu a kan tsada. Don ya sami kuɗin awo sai ya tafi ƙwadago gonar wani, tasa gonar kuwa ciyawa ta cinye ta, baɗi ya sami abin da bai kai na bana ba. Haka ɗan birni mai sayen mai da cokali, da sabulu da yanka: a ƙarshen wata ya biya fiye da wanda ya sayi kwalba da sanda. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Wanda ba shi da rarar da zai fara da ita, tattali da kansa ya kan yi masa tsada, ba kuwa don ya kasa dabara ba.

4. Ajiyar mata

Mace ba ta da rumbu galibi, amma tana da turke. Ribar sana'a in ta taru a kan sayi kaza, kaji su zama akuya, awaki su zama tunkiya ko saniya. Akuya tana ɗaukar ciki wata 5 ne, ta kan haifi biyu sau da yawa, abincinta kuwa dusa da harawa da ƙaiƙayin gida. Matar birni wadda ba ta da fili ta kan ba 'yan'uwa na ƙauye kiwo, a raba 'ya'yan bisa yadda aka shirya. Ran da ciwo ya zo, ko kuɗin makaranta, sai a kai ɗaya kasuwa. Hikimar abin ita ce, ba a yanka ƙafar akuya a ba mai roƙon rance. Ko a sayar da ita ɗungum saboda babbar larura, ko a bar ta.

Jeren kwanoni da tasoshi a ɗakin amarya, wanda baƙo ya kan ɗauka ado ne kurum, shi ma ajiya ne. Uwa ta kan fara tara wa 'yarta kayan ɗaki tun tana ƙarama, ɗaya bayan ɗaya, don kada nauyin ya faɗo mata a shekara guda. Da yayyafi kogi kan cika. Daga baya masu hali suka koma ga 'yan kunne da sarƙar zinariya, domin kwano yana tsufa, yayinsa yana wucewa, zinariya kuwa tana riƙe darajarta.

5. Asusu, adashi da biki

Asusu tukunya ce ta yumɓu mai ɗan tsagi, a kan jefa kuɗi ciki, ba a fid da shi sai an fasa ta. Adashi kuwa asusu ne da aka gina da mutane. Misali, mata 10 su shirya kowace ta zuba naira 2,000 ran Juma'a, uwar adashi ta tara naira 20,000 ta ba ɗaya, haka har a zagayo. Ba wadda ta sami fiye da abin da ta zuba. Ribarsa ita ce tilas da dunƙulewa: kunyar idon abokan zubi ta kan sa a nemo kuɗin ko ta yaya, kuɗin kuma ya zo a dunƙule har ya isa jari ko sayen buhu. Ga kuma amsa mai kyau ga mai neman rance, a ce kuɗin yana adashi. Yarabawa suna da irinsa da su ke kira esusu, wanda William Bascom ya yi bayaninsa a 1952.

Biki, watau gudummawar da ƙawaye ke kai wa juna ran suna ko aure, kusan adashi ne wanda ba a sa masa rana ba. Wadda aka kawo wa ta kan riƙe adadin a ka, ta mayar da shi da ƙari in na ƙawarta ya zo. Sai dai ƙarin nan ya kan yi ta hawa har ya fi ƙarfin masu yinsa.

A kan wannan tushe ne ƙungiyar CARE ta kafa tsarin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi ta Nijar a 1991. Mata su kan zuba kuɗi mako-mako cikin akwati, su ranta wa junansu, a ƙarshen zango su raba uwar kuɗi da abin da ta haifa. Tsarin ya bazu daga nan zuwa ƙasashe da yawa na Afirka.

6. Tattali a zamanin tsada

Duk waɗannan hanyoyi an gina su ne don tsare kuɗi daga hannun mai shi da na 'yan'uwansa. Amma akwai ɓarawon da ba ya shiga ta ƙofa, shi ne faɗuwar darajar kuɗin. Tun da naira ta maye gurbin fam ran 1 ga Janairu 1973, an sha ganin haka. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, hauhawar farashi a Nijeriya ta wuce 30 cikin 100 a 2024, ta abinci kuwa ta kai 40 cikin 100 a tsakiyar shekarar.

A irin wannan hali hanyoyin ba su zama daidai da juna ba. Asusu shi ya fi shan kashi. Adashi kuma ya kan daina zama adalci. In mutum 12 suna zuba naira 10,000 wata-wata, farashi kuma ya hau da 30 cikin 100 a shekarar, naira 120,000 da na ƙarshe zai kwasa ba za ta sayi abin da ya wuce na naira 92,000 a farkon shekara ba. Na farko ya sayi kayansa da araha ya biya da kuɗi mai rauni, na ƙarshe shi ya ɗauki nauyin. Maganin wannan shi ne a gajarta zagaye, a kuma juya jerin ɗauka a zagaye na gaba, na ƙarshe ya koma na farko.

Hatsi da dabba sun fi jimrewa, domin farashinsu yana tafiya tare da tsadar. A farkon 2023, sa'ad da canjin takardun naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, mai kuɗi a banki ya kwana a layi, mai hatsi a ɗaka ya ci tuwonsa. Duk da haka su ma ba su rasa haɗari ba. Ƙwari suna cin wake da masara, annoba tana kashe awaki, rashin tsaro ya sa turke da rumbu sun zama abin hari a wasu yankuna. A 2025 kuma farashin hatsi ya sauka, waɗanda suka tara don su sayar da tsada suka yi hasara. Wanda ya ajiye gwargwadon cin gidansa kuwa bai rasa kome ba, gama buhun da ya saya bai ragu da ko mudu ɗaya ba.

7. Abin lura ga malamai

Darasin tattalin gida a makarantun horon malamai ya kan fara da kasafin albashin wata, a raba shi kashi-kashi. Amma yawancin gidajen da ɗalibai suka fito samunsu na kullum ne ko na kaka, aljihunsu kuma biyu ne. Ya fi dacewa darasin ya fara daga abin da yaro ya sani: mudu nawa gidansu ke ci a rana, buhu nawa ke nan a shekara, nawa ne bambancin awon kaka da na damina, wa ya ci riba wa ya yi hasara a adashin wata 12. Lissafi ne mai sauƙi, ba ya bukatar kome sai allo da alli. Yarinyar da ta iya shi za ta iya gaya wa uwarta ko adashin da ta shiga yana tara mata ne ko yana rage mata, yaron kuma ya san yawan damman da bai kamata su bar rumbu ba kome matsin kaka.