Kwikwiyo da ƙazantar bakin hanya: me ya sa garin magani ba ya hana shi

A shekarar 2018 Farfesa Benjamin Hart da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan karnukan da ke cin kashin 'yan'uwansu, bayan sun tattara amsoshin masu karnuka kusan 3,000. Sun tarar kaso 16 cikin 100 na karnuka suna yin haka a kai a kai. Daga nan suka tambayi masu karnukan da ke da halin game da magunguna iri 11 da ake sayarwa don raba kare da wannan hali. Nasarar da aka samu da su ta tsaya tsakanin sifili da kaso 2 cikin 100. Abin da ke ba ni haushi shi ne, bayan duk waɗannan shekaru, irin wannan gari da ƙwayoyin tauna su ne har gobe ake tallata wa mutumin da ya sayi kwikwiyon Alsatian ko Boerboel don gadi a Kaduna ko Abuja ko Jos, ya fita da shi yawo, ya ga ya wawuri abin da baki ba ya son faɗa. Wanda bai da kuɗin maganin kanti sai a ce masa ya zuba abarba a abincin karen, ko ya barbaɗa barkono a kan kashin. An bar jaki ana dukan taiki. Matsalar tana kwance a bakin hanyar da ake bi da kwikwiyon, mu kuma muna nemanta a cikinsa.

Ko da maganin yana yin abin da aka rubuta a jikin kwalinsa, aikinsa guda ne, wato ya ɓata ɗanɗanon kashin karen da ya sha shi. To abin da kwikwiyo ke tsinta a lungu da kango da bakin kwata ai ba nasa ba ne. Na wani kare ne, ko na akuya, ko na kaza, mafi yawa kuma a garuruwanmu na ɗan Adam ne. Babu garin da za a zuba wa kwikwiyo a kwano ya sauya ɗanɗanon abin da ya fito daga cikin wani.

Ya kamata mai kare ya san cewa halin nan ba alamar lalacewar karensa ba ne. Karya mai jego tana lashe 'ya'yanta ta haɗiye abin da suka fitar a makonni ukun farko, don makwancin ya zauna da tsabta. Kwikwiyo kuma da baki yake gane duniya, duk abin da hancinsa ya ja shi gare shi sai ya ɗanɗana. Binciken Hart bai sami wata alaƙa tsakanin halin da irin abincin da ake ba kare ba, ko shekarunsa, ko yadda ya koyi tsabtar gida. Abin da ya fito fili shi ne, kare mai haɗama wajen cin abinci ya fi yi, haka ma waɗanda suke da yawa a gida ɗaya, kuma fiye da kaso 80 na masu yin hakan sabon kashi suke nema, wanda bai wuce kwana biyu ba. A kan wannan Hart ya gina ra'ayinsa cewa gadon kyarkeci ne: ƙwan yawancin tsutsotsin ciki ba ya iya kama wata dabba sai ya yi kwanaki a ƙasa, don haka cinye kashin da wuri yana tsabtace bakin ramin da 'ya'ya suke.

Bayanin yana da kyau, sai dai a kan karen Amurka aka yi shi, wanda ke yawo a titin da ba a tsugunawa. Namu lamarin ya fi kusa da abin da James Butler da Johan du Toit suka wallafa a 2002 game da karnukan ƙauyukan Zimbabuwe, inda suka gano cewa kusan ɗaya bisa biyar na abin da karnukan ke ci bahayar mutane ce. A wurin kare wannan abinci ne, da sauran amfani a cikinsa, kuma kakanninsa sun yi dubban shekaru suna rayuwa a gefen jujin mutane da shi. Kwikwiyon da aka saya da tsada, ake ba shi abincin buhu, hancinsa ɗaya ne da na karen ƙauye.

Nan ne zancen ya bar hannun likitan dabbobi ya koma na hukuma. Ƙididdigar gwamnatin Nijeriya da UNICEF ta 2021 ta nuna mutum kimanin miliyan 48 ke yin bahaya a fili, wajen kaso 23 cikin 100 na al'ummar ƙasar. A Nijar fiye da rabin jama'a ne. A watan Nuwamba na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a umarni mai lamba 009, aka ɗibar wa ƙasar wa'adin 2025 ta rabu da abin, ba a kuwa cimma wa'adin ba. Jigawa ce jihar da ta fara samun shaidar tsarkaka daga bahaya a fili, a 2022. Kada a ɗauka maganar ta ƙauye ce kawai. A sababbin unguwannin da ake kiwon karnukan gadi, a nan aka fi samun kangwaye da filayen da ba a gina ba, da leburori da masu gadi da ba a tanadar musu masai ba, da ledojin da ake ƙullewa a jefa bayan katanga, da kunzugun jarirai na zamani da ake zubarwa a bola. Kare yana yaga wannan kunzugu saboda abin da ke ciki, audugar kuma tana kumbura da ruwa, tana iya toshe masa hanji har sai an yi masa aiki.

Sannan wa ke fita da karen? A gidaje da yawa maigadi ne ko yaron gida, da asuba ko bayan magariba, lokacin da ido ba ya ganin ƙasa sosai, hanci kuwa bai san duhu ba. Zai saki doguwar sarƙa, hankalinsa na kan waya, ya nufi fili ko kangon da babu mutane domin kada karen ya tsorata masu wucewa. Wurin da ya zaɓa don kauce wa mutane shi ne daidai wurin da mai neman tsugunawa ya zaɓa saboda dalili guda. Kowace fita ta zama darasi: kwikwiyo ya sunsuna, ya samu, ya haɗiye, ya ji daɗi. Ba a jima ba sai ya riƙa jan sarƙa zuwa wurin da kansa.

Akwai masu cewa duk karen da ke cin kashi wani abu ne ya rasa a jikinsa. Ba zan ce ba su da gaskiya sam ba. Yunwa dalili ce, kuma kwikwiyon da ake ba ƙanzo da ragowar tuwo sau ɗaya a yini, alhali yana buƙatar ci sau uku ko huɗu, zai ci duk abin da ya samu. Tsutsar ciki mai yawa tana ƙara yunwar. Akwai kuma wata cuta da aka fi sani a jinsin Alsatian, inda gaɓar da ke samar da ruwan narkar da abinci take gazawa, kare ya yi ta ci yana ramewa, kashinsa ya yi yawa da maiƙo. Wanda ya ga rama ko gudawar da ta ƙi tsayawa, ya tafi asibitin dabbobi ba tare da jinkiri ba. Amma waɗannan tsiraru ne. Mafi yawan 'yan kwikwiyon da ake kuka da su ƙosassu ne masu lafiya, kuma ƙarin bitamin ba ya canza musu komai.

Illar farko ta wannan hali a kan kwikwiyon take. Cutar parvo, wadda ta bayyana a duniya a 1978, ta kashin kare mai ɗauke da ita take yaɗuwa, ƙwayarta kuma tana yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba. Ba sai kwikwiyo ya haɗiya ba, sunsunawa da lasa sun isa. Bayan 'yan kwanaki sai amai da gudawar jini mai wari, kuma idan ba a yi masa ƙarin ruwa da kulawa ba, mafi yawa ba sa tashi. Rottweiler da Doberman da Alsatian, waɗanda aka fi saye don gadi, suna cikin jinsunan da cutar ta fi yi wa illa. Allurar riga-kafin ana fara ta ne a mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa har kwikwiyo ya kai mako 16, domin kariyar da ya samu daga nonon uwa tana iya hana alluran farko kamawa. Mutane da yawa da an yi allura ɗaya sai su ɗauka an gama, su fita da shi titi. A wannan tazara ake asarar 'yan kwikwiyo, a ce maita ce ko guba maƙwabci ya sa.

Illa ta biyu ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin ta shafi yara. A gonakin shayi na Assam da ke Indiya, Rebecca Traub da abokan bincikenta sun sami ƙwan tsutsar cikin mutum a kashin karnukan da ke cin bahayar mutane. Ƙwan ya ratsa hanjin karen bai mutu ba. Ma'ana, kare na iya ɗauko tsutsar wani daga kango ya sauke ta a tsakar gidan da ke da masai mai ruwa da tayil, inda yaro ke rarrafe. Ga kuma tasa tsutsar, wadda kusan kowane kwikwiyo ke zuwa da ita daga cikin uwa ko nononta. Ƙwanta yana nuna a ƙasa cikin mako biyu zuwa huɗu, idan ya shiga cikin yaro yana iya taɓa hanta ko ido. Shi ya sa ake ba kwikwiyo maganin tsutsa tun yana mako biyu, duk bayan mako biyu har wata biyu, daga nan duk wata har ya kai wata shida. Bakin da ya ci abin bakin hanya da safe shi ne zai lashi hannun yaro da hantsi, shi zai leƙa bokitin ruwa.

Illa ta uku mu muke haddasa ta da hannunmu. Mutum ya ga abin ƙyama, ya daka tsawa, ya kai duka, ya cusa hannu a bakin kare. Abin da kwikwiyo ya koya shi ne a yi sauri a haɗiye kafin a ƙwace, wani ma ya fara gurnani yana kare abin da ya tsinta. Waɗansu sukan dangwala masa hanci a cikin ƙazantar wai don ya ji kunya, wannan kuwa zalunci ne da ba ya koyar da komai sai tsoron hannun maigida. Daga ƙarshe sai a gaji, a kulle shi a keji, a daina fita da shi gaba ɗaya. Kwikwiyon da ya tashi bai saba da mutane da babura da awaki ba a watanninsa na farko, shi ne ke zama ƙaton kare mai firgici, wanda ranar da ya sami ƙofa a buɗe zai ciji ɗan maƙwabci.

Horo kansa ba ya cire sha'awar. A binciken Hart hanyoyin horaswa ma nasararsu ba ta wuce kaso 4 cikin 100 ba wajen raba kare da halin kwata-kwata. Abin da ke hannun mai kare shi ne ya hana samun dama, ya kuma yi ta hanawa har kwikwiyon ya girma bai mai da abin sana'a ba. Kafin allurar mako 16 ta cika, ƙafarsa kada ta taka filin da karnukan waje ke bi. A ɗauke shi a hannu ko a mota ya ga duniya. Bayan haka a fita da shi da haske, bayan ya ci wani abu, a kan titin da mutane ke bi, da gajeriyar igiya, idon mai riƙewa yana gaban hancin karen. A koya masa kalma guda, "bari", tun a gida: a rufe ɗan abinci a tafin hannu, da zarar ya kau da kai a ba shi wanda ya fi shi daɗi daga ɗaya hannun. A hanya ladan dole ya fi abin ƙasa daraja a hancinsa, guntun dafaffiyar hanta ko tsokar kaza, kuma a ba shi nan take. Duk wannan maigadin da ke riƙe igiyar ne ya kamata a koya wa, a kuma sa masa hantar a aljihu.

Wanda ya riga ya saba sai takunkumi, amma irin mai raga kamar kwando, wanda zai bar shi ya buɗe baki ya yi haki. Kare da haki yake sanyaya jikinsa, takunkumin ƙyalle mai ɗaure baki kuwa a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, da ke haura digiri 40, yana iya kashe shi a tafiya guda. Ragar ma sai an wanke ta bayan kowace fita, domin wani karen yakan danna ta a cikin abin ya lasa ta tsakanin ramukan.

Akwai kuma alhakin da ke kan masu karnukan kansu, wanda ba kasafai ake faɗa ba. Karen da aka fita da shi ya yi nasa a bakin hanya aka wuce, ya bar wa kwikwiyon wani parvo, ya bar wa tumakin unguwa ƙwan tsutsar da ke shiga ƙwaƙwalwa ta sa tunkiya juyi, ya bar wa yaran da ke wasan ƙasa nasu rabon. Leda a aljihu da shebur na kwashewa a tsakar gida, safe da yamma, suna cikin kuɗin kiwon kare kamar yadda abinci da allura suke. Mai gidan da ke ginin bene a unguwar, wanda ya ajiye leburori ba tare da ya haƙa musu masai ba, shi ma ƙungiyar unguwa tana da hurumin ta yi masa magana, kuma masu karnuka ne ya kamata su fara tayar da zancen a taro, tunda su ke bin waɗannan kangwaye kowace safiya suna ganin abin da ke ciki.